Ranar da Na Goya Surukina

Talata ce, ranar kasuwar garinmu, can kusa da iyaka. Na dama koko, na share tsakar gida. Maigidana ya yi wa Baba wanka kamar kullum, ya sa masa riga, ya jingina shi da bango a kan tabarma. Baba mahaifinsa ne. Shekara uku ke nan ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ƙafa ba ta takawa, hannu ba ya ɗaguwa, magana sai da ƙyar. Ɗaga shi, juya shi, kai shi bayi, duk aikin ɗansa ne. Ni nawa girki da wanki. Shekara goma sha huɗu ina gidan ban taɓa kallon ƙwayar idon Baba ba. In na kawo tuwo, daga bakin ƙofa nake durƙusawa in tura kwano. Suruki ne, haka aka koya mana.

Tayar keken guragun Baba ta sace tun da dare. Ƙarfe bakwai maigidana ya tura keken zuwa wurin mai faci a bakin kasuwa. Ya ce in rufe masa kokonsa, yanzu zai dawo.

Wajen ƙarfe tara na ji babura. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Sai harbi daga wajen kasuwa, tas-tas-tas, sai wani dum da ya zubo da ƙasa daga rufi. Kaji suka watse. Maƙwabciyata Falmata ta faɗo gidan ba ko mayafi.

"Ku fito! Rafi! Ku yi rafi!"

Na miƙa mata yarana biyu, ta ja su suka fita. Na tsaya a tsakar gida. Babu keke, babu namiji. Baba yana kallona, yana kaɗa mini hannunsa mai lafiya.

"Tafi," ya ce. "Tafi!"

Na cire mayafina. Na durƙusa, na ba shi baya. Na jawo shi yadda nake jawo yaro, na ɗaure a ƙirji, na ɗaure a ƙugu. Yunƙurin farko na faɗi. Na biyu na miƙe.

"Sauke ni!"

"Baba, yi shiru!"

Wallahi ni na faɗa masa haka, da bakin nan nawa.

Muka bi ta bayan gida, cikin dawa. Mataccen hannun yana lilo, yana sarƙewa a kara. Na tsaya na ɗaure shi da kafaɗata da ɗankwali. Baba dogo ne, ƙafarsa tana jan ƙasa. Shi ba ya jin komai a nan, sai da na waiwaya na ga jini a kan turɓaya. Na yage bakin zanena na naɗe masa diddige.

Ƙarfe goma sha ɗaya hayaƙi ya rufe garin a bayanmu. Mutane suna wuce mu da gudu. Wani dattijo ya yi mini tsawa.

"Ajiye shi a inuwa, ki ceci kanki!"

Ban ko kalle shi ba. Da azahar Baba ya yi fitsari a bayana. Na ji ɗumin, na kuma ji yana kuka a wuyana, ba sauti. Ban tsaya ba. Harbi ya yi nisa, sai numfashina kawai nake ji. La'asar sakaliya muka tsallake rafin, ruwa iya gwiwa. A can na tarar da Falmata da yarana a gindin tsamiya. Da na kwance goyon, ƙafafuna suka ƙi miƙewa.

Mako biyar muka yi kafin mu iso Yaoundé, a babbar mota, sannan jirgin ƙasa. Ƙanen maigidana tela ne a nan unguwar Briqueterie, shi ya ba mu ɗaki. Yana shago tun safe har isha, don haka wanka da bayi da juyawa sun dawo hannuna. An ba mu wani keke, amma lungunmu gangare ne, ga kwata ga duwatsu, ba ya wucewa. Ranar zuwa lopital, wato asibiti, ni nake goya Baba har bakin titi mu tari taksi.

Ina jin matan lungu. Kunnena ba ya barin komai. "Ga mai goyon suruki nan, ba kunya." Wata har da Faransanci take yi, wai ba zan gane ba. Ku faɗa da ƙarfi mana, yayyena. Kunyata tana can tsakar gida inda na ajiye ta, wadda take so ta je ta ɗauko. Baba kuwa yanzu "'yata" yake ce mini, kuma ina kallon idonsa in zan ba shi magani.

Mu biyar ne a gidanmu na can da safiyar ranar. Huɗu muka tsallake rafi, ban da maigidana. Keken yana wurin mai faci. Kokon na rufe shi da faifai, kamar yadda ya ce.