Kumfar Shayin Alhaji Ta Cece Ni a Lyon

Mun tashi da asuba, Paris ba ta gama buɗe ido ba, ni da direban kamfaninmu, wani mutumin Tawa mai surutun tsiya. A bayan mota akwai kwali goma sha biyu na kofunan gilashi, kowane kofi da hannuna na naɗe shi. Kafin mu fita gari sau biyu ina sa shi ya tsaya in leƙa ko sun gogi juna. A na uku ya rantse in na sake magana zai sauke ni in biyo su da ƙafa.

Bari in faɗa muku abin da ya kai ni, don da yawanku kun ga hoton hanya kuna tambaya ko yawon shaƙatawa na tafi. Ina! Shekara ɗaya da rabi ke nan ina ɗaure kwali a siton wani kamfani mai sayar wa gidajen abinci kayan gilashi. Kwantiragina na wucin gadi ne, ƙarshen watan nan zai ƙare. Matata da ƴata suna Maraɗi, kuma in babu aikin dindindin, babu maganar kawo su. Ana nan sai wata Madam mai ƙaramin kamfanin giya a Lyon ta bugo wa mai gidanmu waya tana faɗa, wai kofunan gwaji da muka aika mata suna kashe kumfa, ta fasa ciniki. Mai yi mana talla yana kwance ba lafiya. Mai gida ya duba, ya ga ni kaɗai na san kowane kofi da inda yake. Bai ɓoye mini ba: in na dawo da cinikin nan, aiki ya zama na dindindin; in na dawo hannu wofi, mu rabu lafiya.

Ni kuwa giya ba ta taɓa shiga bakina ba, kuma ba za ta shiga ba. Na san akwai masu gyara zama su yi mini wa'azi a ƙasan rubutun nan. Ku yi haƙuri, an riga ku, za ku ji a gaba.

Hanyar Lyon shimfiɗe take sumul, babu rami, babu jandarma mai tsayar da kai ya tambayi lafiyar iyali. Sai shingen biyan kuɗin hanya, shi kuwa na'ura ce, ba ta jin "a yi haƙuri". Kusan euro arba'in ta karɓe. Direba ya mayar da su sefa a ransa, ya ce a kasuwar garinsu wannan ɗan akuya ne, kuma ya ci gaba da jimamin akuyar nan har tsawon awa guda. Mun tsaya a wani masaukin matafiya na sayi gahawa da ba ta kai maƙurwa uku ba, kuɗinta ya isa abincin rana a Maraɗi. Gaba kaɗan muka fara wuce gonakin inabi a kan tuddai, da wasu fararen shanu ƙosassu suna kiwo su kaɗai, babu makiyayi, babu sanda.

Shi yana kallon shanu, ni ina ta bitar kofuna kamar mai hadda. Dogon kofi siriri na giya mai launin zuma ne, don a ga hasken ta da ƴan ƙwayoyin iska suna hawa. Ta alkama, mai hazo-hazo kamar kunun aya, kumfarta yawa gare ta, sai a ba ta dogo mai faɗin baki ta sami wurin tashi. Mai ɗaci da ƙamshi tana son kofi mai ciki da tsukakken baki. Baƙar nan mai nauyi kuwa ba a son ta da sanyi ƙarara, shi ya sa ake ba ta mai faɗi da gajeriyar ƙafa, tafin hannu ya ɗan ɗumama ta. Duk a littafin kamfani na karanta. Na haddace tsaf.

Mun shiga Lyon ta wani dogon rami da aka haƙa a ƙarƙashin dutse, cunkoso ya riƙe mu a ciki kusan rabin awa. Da muka fito sai ga gari tsakanin koguna biyu, kyakkyawa, ba shi da gaggawar Paris. Muka zarce La Guillotière neman abinci. Nan kam kamar gida: shagunan Larabawa, buhunan gero, busasshen kifi, zannuwan atamfa a tagogi, taragon lantarki yana ratsa mutane yana kaɗa ƙararrawa. Na ji wani yana ciniki a waya da Hausar Damagaram, har na juya ina murmushi kamar na san shi. Mun ci shinkafa da miyar gyaɗa wurin wata mutuniyar Senegal, muka yi azahar, muka nufi Saint-Fons.

Saint-Fons unguwar masana'antu ce, bututu da hayaƙi ko'ina. Kamfanin Madam yana cikin wata tsohuwar masana'anta, a baya manyan tukwanen ƙarfe, a gaba ɗan gidan abinci mai sayar da nama da cuku da soyayyen dankali. Ita kanta gajeriya ce kakkaura, ba ta da lokacin gaisuwa. Na buɗe kwali na jera mata kofuna iri huɗu, kowane iri biyu. Ta ce daga kwali suka fito, ta miƙa su kicin a wanke, aka dawo da su suna ƙyalli. Ta zuba a dogon nan. Kumfa ta taso fara tas, na fara washe baki. Kafin in gama murmushin ta kwanta, ta mutu murus. Ta zuba a na biyu, haka. Ta jawo wani tsohon kofinta mai kauri mai hannu, ta zuba, kumfa ta tsaya da ƙafarta kamar an dasa ta.

"Ka gani? Ɗanɗana ka ji bambanci," in ji ta.

Na ce mata ba na sha. Ta dube ni sama da ƙasa, ta yi wata dariya marar daɗi.

"Sun aiko mini mai sayar da kofin giya wanda ba ya shan giya. Gobe ƙarfe goma ka zo ka kwashe kayanku."

Wallahi na ji kunya, na ji tsoro. Muka koma mota. Fuskar ƴata kawai nake gani, wadda ta fara tafiya ba na nan.

Masaukinmu a Les Minguettes yake, gidan wani Alhaji ɗan Damagaram, aminin marigayi mahaifina, wanda ya yi ritaya daga masana'antun Saint-Fons. Dogayen benaye ne jere a kan tudu, shi yana hawa na sha ɗaya. Mun yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi Inna, ya tambayi unguwarmu gida-gida. Hajiya ta kawo dambu da soyayyen naman rago. Da ya ji abin da ya kawo ni, ya ajiye cokali.

"Ɗana, duk gilashin duniya ka rasa na sayarwa sai na mashaya?"

Na ce, "Baba, kofi ne. Har masu lemun citta da bisaf, zoɓon nan, suna sayen irinsa."

Bai gamsu ba. Ya yi mini nasiha sosai, na sunkuyar da kai na saurara, don gaskiyarsa ce ta uba. Da ya ga idona ya kawo ruwa, sai ya sassauta, ya ce a kawo kayan shayi.

Bayan magariba ya zauna a gaban ɗan murhunsa, ya ɗaga buta sama yana tsiyaya shayi a ƴan ƙananan kofuna, yana mayarwa, yana sake tsiyayawa, har kumfa ta cika rabin kofi. Direba, wanda bai gama da ƙashin rago ba, ya miƙa hannu zai ɗauki ɗaya. Sai ji muka yi tas! Alhaji ya make masa hannu.

"Kai, ɗan nan! Da hannun maiƙo? Za ka kashe mini kumfa!"

Wannan tsawar na san ta, da ita na girma. Mahaifina ma haka yake: kofunan shayinsa suna da kwanonsu daban, ba a haɗa su da kwanon miya, ba a goge su da tsumma. Na tambayi Alhaji yadda yake wanke nasa. Ya ce ko Hajiya ba ta taɓa su. Ruwan zafi, ɗan gishiri, a ɗauraye, a kife su bushe da kansu. Na tuna kofunana da aka miƙa kicin, kicin ɗin da ake soya dankali da narka cuku. Na tashi tsaye ban sani ba. Da na yi masa bayani, ya kurɓi shayinsa ya ce, "Ni dai shayi na koya maka. Abin da ka yi da shi, tsakaninka da Allah."

Ƙarfe tara na safe ina ƙofar Madam, da gishirin Hajiya ƙunshe a takarda. Ta zaci kwashe kaya na zo yi da wuri. Na roƙe ta minti goma. Na tambaye ta inda ake wanke tsohon kofin nan nata, ta ce a nan wurin zubawa, yana da bahonsa shi kaɗai. Namu fa? Ta ce a injin kicin, tare da faranti, sannan a goge da tsumma. Alhamdu lillahi! Na ɗauko kofi biyu iri ɗaya cikin na jiya. Ɗaya na bar shi yadda yake. Ɗayan na wanke shi da ruwan zafi da gishiri, na ɗauraye, na kife. Kafin a zuba komai na watsa musu ruwa na ɗaga su a haske: a jikin na farko ruwan ya tsaya ɗigo-ɗigo, a na biyu ya sauka sumul.

Ta zuba da hannunta. Kumfar farko ta mutu kamar jiya. Ta biyu ta taso, ta yi tozo a bakin kofi, ta tsaya. Muka yi tsaye muna kallonta, ni da Madam da direba. Minti ɗaya, biyu, tana nan. Madam ta furta wata kalmar Faransanci da ba zan rubuta muku ba, sannan ta fashe da dariya, wannan karon ta gaske.

Daga nan ciniki ya koma hannuna. Ta jera giyarta iri huɗu ta ce in zaɓa wa kowacce kofi. Da ido na yi aiki, da abin da na haddace a hanya. Uku ba mu yi musu ba. A kan mai ɗacin nan muka ja: ita tana son mai faɗin baki don ya fi kyau a hoto, ni na dage sai mai tsukakken baki. Na ce mata a gidanmu in ana son ƙamshin turare ya zauna, ba a barin bakin kwalba a buɗe. Ta zuba a duka biyun, ta shinshina wannan, ta shinshina wancan, ta ɗaga hannu ta ce na ci. Ta ɗauki iri huɗun duka, fiye da abin da ta nema da farko, ta ƙara da kofunan lemo. A gabana ta buga wa mai gidanmu waya ta ce daga yau wannan mutumin da ba ya sha take so a riƙa aiko mata.

Dawowa kam hanya ta yi gajarta. Motar babu kaya, zuciyata babu nauyi. Direba ya dage wai shi ya ci cinikin, don da bai miƙa hannun maiƙo ba da yanzu muna kuka, kuma shi ya sha duka. Na yarda, na saya masa gasasshiyar kaza a hanya, ya manta da maganar akuya. Ko na'urar karɓar kuɗin hanya sai da na yi mata sannu da aiki. Mun shiga Paris da la'asar sakaliya, ranar Litinin na sa hannu a takardar aikin dindindin.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, na zo ƙasar nan ina ganin duk abin da na baro a gida ba ilimi ba ne. Littafin kamfani ya gaya mini wane kofi ya dace da wace giya, amma bai cece ni ba. Abin da ya cece ni tsawar tsofaffi biyu ce a kan kofin shayi, ɗaya a bene hawa sha ɗaya, ɗaya yana kabari.

Da na koma ɗaki na kira matata na ce ta fara haɗa takardu, ta yi guɗa har ƴar ta tsorata. Sannan aka miƙa wa Inna waya, na ba ta labari tun daga farko. Da na gama ta ce, "Sau nawa ka zo mini da kuka babanka ya buge maka hannu a kan kofunan nan? Ashe abincinka yake ajiye maka."

Muka yi sallama. Na ɗora shayi, na wanke hannu kafin in taɓa kofin.