Tulun Tsamiya da Yayen Nomau

Kakarmu Tumba ba ta tatsuniya da bazara. Ta ce tatsuniya abin lokacin sanyi ce, sai an hura wuta a tsakar ɗaki, an ci tuwo an ƙoshi, yara sun kewaye murhu suna gasa gyaɗa. Da zafi kuwa in ka matsa mata sai ta ce bakinta ma inuwa yake nema. Sau ɗaya na ga ta karya wannan doka, shekarar da aka yaye ƙanena Nomau.

Lokacin layin dogo bai iso Gusau ba, mota kuwa sai dai labarinta a bakin fatake. Mu muna Bungudu, Kaka tana Kekun Waje, inda aure ya kawo ta daga Tsafe. Ita ta haifi innarmu. Ni Kulu, a lokacin haƙorana na gaba sun fara zubewa, ina ganin kaina babbar mace.

A wurinmu in za a yaye yaro, gidan kaka ake kai shi ya yi nesa da uwa har ya manta nono. Ba a son yaye da bazara, kowa ya sani. To amma innarmu ta samu ciki da wuri, tsofaffi kuma suka ce nonon mai ciki ba ya yi wa yaro kyau, dole a raba su. Baba ya ɗora mu a jaki da sassafe, ni aka haɗa ni don goyo. Ya sauke mu, ya gaisa, ya juya tun rana ba ta yi ba.

Nomau ɗan gajere ne mai ƙaton kai, kuma kan nan ba a banza ya yi girma ba, taurin kai ne cike da shi. Kaka ta tare shi da wasan jika.

"Maraba da maigidana. Haka ka zo wa amarya hannu rabbana, ko goro babu?"

Ya dube ta sama da ƙasa, ya juya mata ƙeya.

Daga nan aka fara daga. A ba shi kunu ya ture, a ba shi fura ya kifar da ƙwaryar, a kawo ruwa ya datse baki. Nono babu, don Fulanin da ke bayan gari sun yi kudu da shanunsu neman ruwa, akuyar Kaka kuma ta ƙafe. Malamin unguwa ya yi rubutu aka wanke, Nomau ya fesa wa Kaka shi a fuska. Maƙwabciyarta, wata tsohuwa da ake kira Ta-Allah, ta ce a yi masa ɗure. Aka danne shi aka toshe hanci aka zuba, ya ƙware, ya dawo da shi duka har da wanda ba a ba shi ba. Kaka ta ce ba za a sake ba a gidanta.

Zafin shekarar nan ba a magana. Ƙasa ba ta takuwa da hantsi, kaji suna kwance ƙarƙashin rumbu baki buɗe. Washegari kukan Nomau ya koma ba hawaye. Leɓensa ya bushe, idanunsa suka faɗa, ya daina ma ture ƙwarya, sai dai ya kau da kai. Ni da kullum nake mitar fitsarinsa a bayana, ranar nan na wuni ina shafa zanena ina jin sa a bushe, kuma tsoro ya kama ni. Mayar da shi Bungudu ba zai yi ba, ba nonon da za a ba shi, ga hanya cikin wannan rana. Na ji Ta-Allah ta rage murya tana cewa, "Tumba, in yaron nan ya kai gobe haka..." Ba ta ƙarasa ba.

"Ki tahi ki duba tukunyarki," in ji Kaka. "Ina jin ƙauri."

Abin da ya ba ni haushi shi ne, Ta-Allah na fita sai Kaka ta kama waƙa. Ta shiga ɗaki ta fito da wani sabon tulu da take ajiya, ta ɗauraye shi, ta cika da ruwan da ya kwana a randa ya kwanta. Ta ɓare tsamiya ta zare jijiyoyin ta jefa. Ta daka ɓawon goruba sama-sama ta zuba. Ta fasa kuka da taɓarya ta kwashe fararen 'ya'yan, ta kawo busasshiyar magarya, ta ƙara garin ɗorawa, don lokacinta ne. Na kai hannu zan cuɗa don ya yi sauri, ta make ni.

"Ba a matsa mata. In kin cuɗa tsamiya da ƙarfi, tsamin da ka kashe haƙori za ta ba ki. Bar ta ta saki da kanta."

Ta tona rami a inuwar rumbu, ta binne tulun har wuya cikin yashi, ta jiƙa yashin, ta rufe bakin da faifai. Sa'an nan ta aike ni in gaya wa yaran unguwa yau akwai tatsuniya bayan magariba. Na tafi ina gunguni. Yaro yana neman mutuwa, tsohuwa tana gayyar tatsuniya. Na ƙudura a raina in mun koma sai na gaya wa innarmu.

Da aka yi magariba ta tono tulun. Ta tace jiƙon da farin ƙyalle cikin babbar ƙwarya, ta sa yatsa a zuma ta juya. Ruwan ya fito ja-ja-ja, da sanyi har ƙwaryar tana gumi, ƙanshin goruba ya cika tsakar gida. Aka shimfiɗa tabarma, ga farin wata, yara suka zauna a kewaye. Cikinsu akwai Bawa, jikan Ta-Allah, sarkin kwaɗayi, da ƙanwarsa Hassi. Kaka ta zaunar da ni dab da ita, Nomau a cinyata, kansa a ƙirjina kamar jiƙaƙƙen tsumma.

Ba ta buɗe da yadda aka saba ba. Cewa ta yi, "Ga wata nan tahe, ƙishirwa take ji."

Muka dubi juna, don ba mu taɓa jin an buɗe tatsuniya haka ba. Bawa, idonsa na kan ƙwarya, ya ce, "Ta zo ta sha."

"Shi ke nan, ka iya."

Wai wata shekara Rana ta ji ƙishirwa, ta sauko ƙasa. Ta kafa baki a gulbi ta shanye, ta bi tafkuna da rijiyoyi, har raɓar safiya sai da ta lashe. A gindin dutsen Tsafe akwai wata tsohuwa da tulu ɗaya ya rage mata. Ta san Rana tana jin ƙanshin ruwa daga nesa, sai ta jefa tsamiya a ciki don ta ɓad da shi. Rana ta biyo ta shinshina, ta ce wannan tsamiya ce, ta wuce. Da yamma sai ga biri yana sallama, harshe waje. Tsohuwa ta ce ruwa ya ƙare duniya, amma mi ka kawo? Ya ce goruba. Ta ce jefa a tulu. Ya jefa, ta ba shi ludayi ɗaya.

Nan Kaka ta cika ludayi ta ce, "Bawa, kai ne biri. Amma biri ba ya sha a ɓoye. Sai mun ji ƙwat, ƙwat, ka shafa ciki."

Ludayin bai tafi kai tsaye ba. Sai da ya bi ta gaban hancin Nomau, a hankali, kafin ya isa wurin Bawa. Bawa ya sha da ƙara, ya yi gyatsa, ya buga tumbinsa, muka fashe da dariya. Nomau ko motsi.

Kurciya ta zo da magarya, Hassi ta sha. Raƙumi ya zo da kuka, ya kasa shiga ƙofa, sai wuyansa ya zura. Bushiya ta zo da ɗorawa a soke a ƙayarta. Kowace dabba da muryarta, kowace da ludayinta, kuma kowane ludayi sai ya ratsa ta gaban Nomau. Wajen zuwan zomo na ji kansa ya ɗan ɗaga. Wajen kunkuru idonsa ya fara bin ludayin. Da aka zo kaina, ni ce barewa, hannun Kaka ya karkace, wai tsufa, 'yan ɗigo suka zuba a damtsena dab da bakinsa. Na ji ɗan harshensa, busasshe, ya taɓa fatata.

Can sai ya miƙa hannu. Na ce a raina an gama. Kaka ta janye ludayin.

"A'a, maigida. Wanga ba naka ba ne. Kai ai ka ce ba ka sha. Mi ka kawo?"

Na buɗe baki zan yi magana, ta mintsine ni a cinya har sai da na ga taurari. Nomau ya tura baki ya koma ya kwanta, amma idonsa bai bar ƙwaryar ba.

Dabbobi suka ci gaba da zuwa. Ƙadangare ya zo, hankaka ya zo, tururuwa ta zo da danginta. Bawa ya yi biri, ya yi raƙumi, ya yi kura, har ya roƙi a ba shi izini ya zagaya bayan gida. Daga baya abin ya fara zama shirme, don sai ga kazar Ta-Allah ta yi sallama, sai ga jakin babanmu. Hassi ta ce ai jakin yana Bungudu, Kaka ta ce ƙishirwa ba ta san nisa ba. Sau biyu Nomau yana miƙa hannu, sau biyu tana hana shi, har ya fara huci.

Sai Kaka ta yi ƙasa da murya. Wai tsohuwa na zaune sai ta ji ɗaki ya ɗauki zafi, haske yana shigowa ta ƙarƙashin asabari. Aka yi sallama. Ta ce wane ne? Aka ce, ni ce, Rana, na ji ana ta ƙwat ƙwat a ɗakin nan.

Muka matsu da juna. Kaka ta cika ludayi fal, ta riƙe shi a tsakiyarmu.

"Tsohuwa ta ce ludayi ɗaya ya rage. Wa za ya sha kahin Rana ta shigo?"

Duk muka miƙa hannu. Nomau ya zabura daga cinyata ya cafke ludayin da hannu biyu ya ce, "Nawa!" Kaka ta ja, ya ja, ta ce saki, ɓarawo, ya kafa haƙora a bakin ludayin. Sannan ta bar masa. Tsakar gidan ta yi tsit, har muna jin saukar ruwan a maƙogwaronsa. Ya shanye ya miƙa mata. Ta ƙara masa kaɗan, tana mita wai zai talauta ta. Haka ta riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, yana ƙwata tana ƙorafi, har ya yi gyatsa ya ɓingire da barci, ludayin a rungume.

"To, ku tashi," in ji ta.

Muka ce Rana fa? Ta shigo? Ta ce gobe.

Da hantsi ina goye da shi na ji ɗumi ya bi bayana har ƙafa. Na ruga wurin Kaka ina nuna mata zanena. Ta taɓa, ta ji shi sharkaf, ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa, har Ta-Allah ta leƙo ta kan danga tana tambayar wa ya haihu. Ranar ya sha kunu. Kafin a zo ɗaukarmu ya zama sai an ɓoye masa tulu. Nomau ya girma ya zama ƙaton manomi a Bungudu, ya ga jikokinsa, kuma har ya tsufa in an ba da labarin nan sai ya ce sharri muke masa.

Goben Kaka kuwa ba ta zo ba. In na tambaya sai ta ce bazara ce, bakinta na hutu. Da sanyi ya shigo ta ce ta zafi ce, ba a yin ta gaban wuta. Da aure ya kai ni Gusau na tambayi matan gidanmu, na tambayi 'yan Tsafe masu kawo tsamiya kasuwa, ba wanda ya taɓa jin tatsuniyar Rana da tulu.

Ina goyon ɗana na fari na je gaishe ta. Ta tsufa ƙwarai, ido ya tafi, amma bakin yana nan. Na ce Kaka, yau ba zan tashi ba sai kin gaya mini abin da Rana ta yi wa tsohuwar nan. Ta ce wace Rana? Da na tuna mata ta yi dariya har da tari.

"Kulu, ni ina na sani? Bakina na can yana zuba, idona na kan maƙogwaron yaro. Dabbobi ne sunka ƙare mini." Ta lalubo ƙafar ɗana tana murzawa. "Rana ɗai ta rage, kuma ita nike tsoro tun da hantsi. Na san in ta hito ta iske shi bai sha ba, da shi za ta faɗi."

Na daɗe ina juya maganar nan. Ina yarinya na ɗauka wanda ya damu shi ne mai kuka, shi ya sa na ji haushin waƙarta. Sai da na yaye nawa, na yaye na 'ya'yana, na san akwai ranar da babba ba shi da ikon ɓata fuska, don yara fuskarsa suke dubawa su san ko akwai abin tsoro. Da na koma da tunanina kan tabarmar nan ina bin ludayin hannu-hannu, sai na ga kowa ya sha har ya ƙoshi, har kazar Ta-Allah an ba ta. Kaka ce kaɗai ko sau ɗaya ba ta kai shi bakinta ba.