Ranar da na kira yayana Malam Sabo

Da ƙaramar Sallar nan da ta wuce Yaya Sabo ya cika shekara tara da rasuwa. Bakanike ne, garejinsa na nan kusa da Ƙofar Na'isa, ƙarƙashin wata darbejiya da ta girmi rabin motocin da ake kawowa wurin. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ya ba ni shekara goma sha ɗaya, kuma tun da mahaifinmu ya rasu shi ya riƙe gidanmu na Zaitawa. Duk shekara in lokacin ya zagayo sai in ce zan yi rubutu a kansa, in ɗauki biro, in sake ajiyewa. Abin faɗa yana nan da yawa, sai dai wanda ya fi cancanta in faɗa kunya yake ba ni.

Bari in fara da abin da aka san shi da shi. A motocin nan masu ja da ƙafar gaba akwai wani ƙarfe da makanikai ke kira shaf, shi ke ɗauko ƙarfin inji ya kai wa taya. Bakinsa na da haƙora, yana shiga cikin cibiyar da ake ɗaure taya a kai, wadda suke kira hob, sai a danne shi da wani ƙaton noti. In mota ta sha ruwan damina a lungunanmu, tsatsa ta shiga tsakani, sai ƙarafan biyu su cije kamar an yi musu walda. Ka kwance noti, ka ja, ka tura, ko gezau. A nan haƙurin yawancin makanikai ke ƙarewa. Su ɗauko babbar guduma su yi ta narka wa bakin shaf har ya baje kamar kan turke, noti ya ƙi komawa. Wasu su kira mai walda ya gasa wurin, roba ta narke, giris ya tsiyaye, mai mota ya zo da ciwo ɗaya ya koma da uku.

Yaya ba ya haka. In ya kwance notin sai ya juya shi ya mayar, ya daidaita shi da bakin ƙarfen yadda duka zai sauka a kan noti kawai. Yana da wata tsohuwar butar shayi da yake haɗa kananzir da man birki a ciki. Ya ɗiga, ya ɗora guntun icen ƙirya, ya ƙwanƙwasa sau uku ko huɗu, ya juya hob kaɗan, ya sake ɗigawa. Daga nan sai ya goge hannu ya ce, "A bar shi ya sha." Ko gwamna ne kai, motarka za ta kwana. Da safe ya zo ya yi bismillah, ya ƙwanƙwasa sau biyu, shaf ya zame ya fito lafiya lau. Abokan sana'arsa suna yi masa tsiya, wai shi ƙarfe ma sai ya ba shi shayi, amma in ta cije musu wurinsa suke turo mutum.

Ni kuwa a lokacin ban daɗe da samun aikin ofis ba, kaina yana hayaƙi. Abokan aikina wannan ɗan alƙali ne, wancan ubansa na da rumfuna a kasuwa. In hira ta biyo ta kan gida sai in ce mahaifinmu malami ne, wanda gaskiya ne, yayana kuma "yana harkar motoci". Da gangan na zaɓi kalmar. Na san abin da za su fahimta, wato mai fili cike da motocin sayarwa, da babbar riga da makullai a hannu. Ban yi ƙarya ba, haka nake lallashin kaina, kuma ban taɓa gyara wa kowa fahimtarsa ba.

Wata Laraba shugaban sashenmu, Alhaji Tijjani, ya kira ni ofishinsa. Ƙafar motarsa ta gaba tana gurnani, an ce boris ɗin da taya ke juyawa a kansa ne ya mutu, kuma ba a canza boris sai an zare shaf. An kai ta wani gareji sun yi fama sun kasa, suka mayar masa da taya suka ce sai dai Sabo na Ƙofar Na'isa.

Ya ce, "Habibu, kai ɗan cikin gari ne. Ka san wani Sabo bakanike?"

Ga ƙofa a buɗe, kalma ɗaya ta isa. Na ce, "Na san shi, Yallaɓai. Ɗan unguwarmu ne."

Muka tafi tare bayan Azahar. Muka tarar da Yaya a tsugune gaban wata tasi, rigarsa ta aiki ta sha baƙin mai har ba a gane launinta. Da ya hango ni fuskarsa ta washe, ya miƙe yana goge hannu. A gidanmu ba a gaida Yaya a tsaye. Tun ina ɗan firamare nake russuna masa, ko a titi ne, ko da wa nake tare. Ranar na tsaya ƙyam, hannuna ɗaya a aljihu, na ce, "Malam Sabo, sannu da aiki. Ga shugabana na kawo maka, a duba masa mota."

Tun da na buɗi baki na fara magana a duniya ban taɓa kiran sunansa babu Yaya a gaba ba. Ya dube ni, ya dubi Alhaji Tijjani, ya sake dubana. Duka-duka bai fi ƙiftawar ido biyu ba. Sai ya ce, "Yauwa, sannunku da zuwa, Yallaɓai." Ya jawo mana benci, ya kakkaɓe shi da tsumma.

Ya ɗaga motar, ya cire taya, ya shafa bakin shaf ɗin da yatsa, ya girgiza kai ya ce an ɗan taɓa shi da guduma amma da sauran rai. Ya ɗauko butarsa ya yi abin da ya saba, sannan ya ce a bar shi ya sha, sai gobe da hantsi. Alhaji ya duba agogo, don yana da tafiya. Da na yi shiru a nan, da abin ya zo da sauƙi. Amma so nake a ga ina da faɗa a ji a unguwarmu. Na ɗaga murya na ce, "Haba Malam Sabo, wane irin gobe kuma? Ku matsalarku ke nan, ba ku san darajar lokaci ba. Ka sa guduma ka buge shi kawai mana."

Makanikan da ke gefe duk sun san ni, wasunsu sun goya ni. Suka juyo suna kallona. Yaya bai ɗago ba, yana ɗiga mai, ya ce, "Yallaɓai, in na buga, kwana uku za ta yi maimakon ɗaya. A yi haƙuri." Wannan Yallaɓan na biyu nawa ne, ba na Alhaji ba. Har yau in wani ya kira ni da kalmar nan sai ranar nan ta faɗo mini a rai.

Alhaji ya ce ba komai, motar ta kwana. Muka hau tasi muka koma.

Da yamma na shiga gida ina jiran faɗa, har na tanadi amsoshi. Na same shi a soro yana cin ɗanwake. Na russuna na gaishe shi, ya amsa, ya turo mini kwanon ya ce in sa hannu. Bai ce komai ba ranar, bai ce ba washegari, bai ce ba har shekara huɗu da ya ƙara a duniya. Ni kuma da na ga bai tayar ba sai na lafe. Ya yi mini waliyyi ranar aurena, ya raɗa wa ɗana na fari suna. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, na zauna bakin gadonsa na ce, "Yaya, a yafe mini," irin yadda kowa ke faɗa in ya ga alama. Ya ce, "Me ka yi mini, Habibu? Allah Ya yafe mana baki ɗaya." Na karɓi wannan na tafi da shi. Na san sarai yafiyar jimla na nema don kada in ambaci ranar da sunanta, kuma wannan ragwantakar ta fi ta farko ci mini rai.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga garejin yau. Babban ɗansa, Nasiru, shi ke riƙe da wurin, magidanci ne da 'ya'ya uku. Ya sayi injin matsa ƙarfe, yana da gwangwanayen feshi masu cin tsatsa, yana jona wa mota kwamfuta ta faɗa masa ciwonta. A allon ƙofa an rubuta injiniya, kuma 'yan boko har layi suke su ɗauki hoto da shi suna cewa abokinsu ne. Ina jin Yaya zai yi dariyar allon, ya tambaya ko kwamfutar ta iya jin kukan boris. Injin kuwa zai so shi, don bai taɓa ƙin abin da ke rage wahala ba. Abin da zai ɓata masa rai shi ne saurinmu, yadda mai mota ke tsaye a kan bakanike da waya a kunne yana cewa a yi a gama. Amma na ga Nasiru da idona, ranar da injin ya kasa, ya juya noti ya mayar, ya ɗiga mai, ya ce wa mai motar ya dawo gobe.

Abin da ya sa bana na kasa ajiye biron ya faru wata biyu da suka wuce. Na je ɗaurin aure a Kabara, sai ga Alhaji Tijjani a kan kujera, ya tsufa, da sanda a hannu. Tun kafin rasuwar Yaya aka yi masa canjin wurin aiki, ba mu sake haɗuwa ba. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki. Sai ya ce, "Ina yayan nan naka na Ƙofar Na'isa? Yana nan yana ba ƙarfe shayi?"

Da ƙyar na ce ya rasu, shekara tara ke nan. Ya yi salati, ya yi masa addu'a mai tsawo. Na ce, "Yallaɓai, ashe ka sani?"

Ya ce, "Habibu, wushiryarku ɗaya, muryarku ɗaya. Tun kafin mu zauna a bencin nan na gane. Da na koma ɗaukar motar ni kaɗai, na ce masa, Malam, kai da yaron nan kun yi kama. Sai ya yi dariya ya ce, Yallaɓai, mu 'yan cikin gari ai duk kama muke. Da zan tafi ya biyo ni har bakin mota ya ce, don Allah ka riƙe shi da kyau, yaron kirki ne, tun yana ƙarami na san shi."

Na tambaye shi me ya sa bai taɓa yi mini maganar ba duk zaman da muka yi. Ya ce, "Mai abin ya rufa maka asiri, ni wane ne da zan tona?"

Yaya bai bar gidaje ba, bai bar suna a wani allo ba. Ya bar sana'a a hannun ɗansa, da makanikai a ƙofofin garin nan da ke cewa a wurinsa suka koyi haƙuri da ƙarfe. Ni abin da ya bar mini ya fi nauyi. Na yi musun sa a gaban mutane da rana tsaka, shi kuma washegari ya bi shugabana har bakin mota yana roƙa mini alfarma. Na rubuta wannan ne don waɗanda suka tsaya a garejin ranar, waɗanda ke raye cikinsu, su ji daga bakina cewa na san abin da na yi. Allah Ya rufa wa Yaya asiri a kabarinsa kamar yadda ya rufa mini a bakin garejinsa.