Ƙwaryar da Ta Riƙe Ɗiyar Tsawa

A gidanmu na Zongo, tatsuniya ba ta farawa sai Yaba ta gama gyaran goronta. Yaba kakata ce ta wajen uba. Bayan magariba takan zauna gaban murhun gawayi, ta tsince ruɓaɓɓe, ta yayyafa wa sauran ruwa, ta naɗe su da ganye. Mu jikoki muna kewaye da ita, duk mun ƙosa.

"Yaba, fara mana!"

"Ke Hajo, uwar surutu, goro ya riga ki zuwa gidan nan. Jira."

Sai ta ɗaure huhun, ta goge hannu a zane, ta ce, "To, ga ta nan ta iso, ku ba ta wuri."

Wadda ta fi zama a raina ita ce ta ɗiyar tsawa. Wai ta faɗo wani gari tana neman masauki, kuma duk wanda ya sauke ta, gidansa ba zai ƙara duhu ba. Wani mai gaggawa ya fafe ɗanyen duma ya sa ta ciki. Ta bi damshin ta fice, ta ƙone masa rumbu. Sai wata tsohuwa ta ɗauko ƙwaryar bara, ta kankare, ta shanya, ta tsoma cikin narkakken kakin zuma. Ƙwarya ta yi ta fitar da kumfa. Nan Yaba takan kumbura kumatu ta yi "ɓul, ɓul", mu faɗi da dariya. Ɗiyar tsawa tana ta mita a bakin ƙofa, tsohuwa ta ce, "Baƙuwa, yi haƙuri, ƙwaryata ba ta gama magana ba." Sai da kumfa ya ɗauke ta ce mata bismilla, haske kuwa ya zauna.

Na taɓa tambaya, "Yaba, me ƙwaryar take faɗa?"

Ta ce, "Ruwan da ta ɓoye take faɗa, ja'ira."

Na girma, na auri Isa, mai naɗin bobin, wato zagaya wayar tagulla a kan bututu don ƙarfin kuran, wutar lantarki ke nan, ya ƙaru. Shagonsa yana hanyar Paspanga. Nakan riƙe masa waya muna hira, a haka hannuna ya koya. Allah ya karɓe shi kafin damina.

Da na fita takaba, na tarar da aikin da bai gama ba: na'urar Baba Salfo, mai lambu a Tampuy, wadda za ta riƙa fizgar awaki a jikin wayar shinge ba tare da ta kashe su ba. Yaya Mudi, wan mijina, ya ce, "Hajo, in abin nan ya tashi, shago ya zauna a hannunki. In bai tashi ba, a mayar da makulli."

Na ajiye baƙin tiyo, bututun da za a naɗa wa wayar, don Isa ya sha faɗa mini kuran mai ƙarfi yakan bi jikinsa. Na sayo fari, na goge rubutun kansa da takardar yashi, na wanke, na shanya, na shafa masa werni, man nan mai ƙyalli da ake shafa wa katako. Saura takardar da ake rabawa tsakanin sahun waya da sahu. Na yanko ta daga buhun siminti. A hannu kamar ta bushe, amma damina ce. Na narka kyandir a tsohuwar tukunya kan wuta marar ƙarfi, na tsoma ta. Sai ga kumfa.

Baba Salfo ya leƙo, ya buga sanda a ƙasa. "Ɗiyata, awaki sun gama da salak, sun koma kan kabeji, ke kuma kina dafa takarda! Da tuwo za mu ci?"

Bakina ya riga ni. "Baba, yi haƙuri, ba ta gama magana ba."

Ya tafi yana gunguni da Mosanci. Ni kuwa na zauna gaban tukunyar ina kallon kumfa, hawaye suna zuba, ban san na Yaba ba ne ko na Isa. Ban tsame takardar ba sai da kakin ya kwanta lif.

Ranar gwaji Yaya Mudi ya tsaya nesa, hannu a baya. Na haɗa batir. Tartsatsi ya yi tsalle a bakin waya, inda aka ce ya fita, bututun kuma shiru, ba hayaƙi, ba ƙauri.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar ta haƙuri ce kawai. Yanzu na gane abin da yake ɓoye a ciki sai an ba shi lokaci ya fita duka, kafin a ɗora wa mutum ko ƙwarya wani nauyi. Nawa bai gama fita ba. Amma makullin yana ɗaure a bakin zanena, kuma kullum da safe ni nake buɗe shagon.