Baƙon da Ya Shekara Huɗu Yana Tashi Tsaye

A cocinmu da ke unguwar Nasarawa akwai wata al'ada. Kowace Lahadi bayan sanarwa, magatakarda zai ce, "In akwai baƙo a cikinmu, ya tashi mu gan shi." Baƙo ya tashi, mata su rera masa waƙar maraba, ni kuma in kai masa ruwan leda da biskit ɗaya. Ni ne mai tsaron ƙofa, ni ne kuma nake zagayawa da farantin jibin Ubangiji, wato burodin tarayya mai tsarki, ranar Lahadin farkon wata. Ba don na fi kowa tsarki ba. A aji biyu na sakandare na bar makaranta, ba a iya ba ni karatu a gaban jama'a, sai aka ba ni faranti.

Akwai mutum guda da na shekara huɗu ina kai wa ruwan leda. Mai sa tayil ne, daga wani ƙauye a arewacin ƙasar Benin. Ɗan Kwatano muke ce masa, alhali ya rantse bai taɓa taka Kwatano ba. Ba ya fashin sujada. Amma a dokarmu, wanda bai kawo takarda daga cocinsa na da ba, mai shaida an yi masa baftisma, ba a rubuta sunansa cikin 'yan ikilisiya. Wanda ba a rubuta ba baƙo ne, baƙo kuwa ba ya cin jibi. To duk Lahadi sai ya tashi, mata su yi masa maraba kamar yau suka fara ganinsa, har da wadda yake sayen ƙosai wurinta kullum da safe.

Biskit bai dame shi ba. Jibi yake so. In na zo layinsu da faranti, sai in ɗaga shi sama in tsallake kansa in miƙa wa na gefensa. Hannunsa dai yake maidawa cikin aljihu. Ku sani kuma, teburin jibin nan a kan tayil ɗin da ya sa mana kyauta yake zaune.

Wata Kirsimeti ya tafi gida neman takarda. Ya tarar ambaliya ta cinye cocin, da ma rumfar zana ce, faston ya rasu, littafin sunaye kuwa gara ta riga ruwa. Ya dawo da wasiƙa daga mai garinsu, da Faransanci. Dattawan coci suka zauna a kanta, ni ina bakin ƙofa. Babu mai karanta Faransanci a cikinsu, sai suka juya ta sama da ƙasa. Magatakarda ya ce, "Hatimin nan ba gicciye a ciki. Kamar zakara nake gani."

Ɗan Kwatano ya ce, "To Baba Fasto, a sake yi mini baftisma mana. Ga ruwa nan a gulbi."

Fasto ya ce, "Haba ɗan'uwa, baftisma sau ɗaya ce. Ba a yi wa mutum sau biyu."

"To kun yarda an yi mini ke nan?"

"Mun yarda a zuciya. A rubuce ne ba mu yarda ba."

Ka ji fa. Baftismarsa ta isa ta hana shi shiga ruwa, ba ta isa ta ba shi guntun burodi ba.

Abin da ya ƙure ni shi ne ranar wa'azin baƙi. Fasto ya yi awa guda yana cewa mutanen Allah ma sun yi zaman baƙunci a Masar, Ubangijinmu kansa yana jariri aka gudu da shi can. Aka zaunar da Ɗan Kwatano a kujerar gaba don misali, zumuntar mata ta ba shi kyautar bokitin roba. Da aka zo jibi, na tsallake shi da bokitinsa a cinya. Bayan an tashi na tare magatakarda na ce, "Ranka ya daɗe, da aka kai Ubangiji Masar, wa ya tambaye shi takardar coci?" Ya ce, "Masar ba ta da kwamitin dattawa. Kai riƙe farantinka."

Abin takaicin, duk mu da muke wannan tsaurin, wa ke cikinmu ɗan gari? Ubana daga Filato ya zo, a nan Birnin Kebbi aka binne cibiyata, na yi furfura ina gyaran injin ban ruwa daga Zauro har Ambursa, amma har yau in Disamba ta kama sai a tambaye ni, "Yaushe za ka tafi gida?" Mun sha tambayar takarda har mun ƙoshi, da muka sami wanda ya fi mu nisa sai muka juye masa.

Dabarar ta zo mini ne a Argungu, ranar da na je gyara wa wani tsohon fasto inji a gonarsa ta shinkafa. Cocinsa na bayan gari, ɗaki guda, in an cika ba a kai ashirin ba. Na ce wa Ɗan Kwatano, mu je can a rubuta ka, ka yi wata uku, tsohon ya ba ka takarda mai gicciye, mu kawo ta nan. Ranar Lahadi na goya shi a babur.

Tsohon ya dube shi ya ce, "An yi maka baftisma?"

"An yi, Baba."

"Ruwan ya rufe kanka?"

"Har na sha."

"To zauna."

Shi ke nan binciken. Ranar aka ba shi guntun burodi da ɗan kofin zoɓo. Ya daɗe yana riƙe da burodin kafin ya ci. Ni na juya ina kallon tagar da babu komai a bayanta sai akuya.

Da wata uku ya cika na koma karɓar takarda. Na tarar daɓen cocin ya sha tayil har bakin ƙofa. Tsohon ya ce, "Wace takarda? Ku kun shekara huɗu kuna ba shi biskit. Allah ya kawo mini tunkiya mai sana'a, in sa hannu in kore ta? Na ma naɗa shi dattijo." Na dubi Ɗan Kwatano. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, nan ba a ce mini in tashi."

Labari ya riga ni isowa gida. Dattawanmu suka zauna, wannan karon a kaina. Laifina satar tunkiya. Na ce, "Tunkiyar da ba ta cikin littafinku?" Magatakarda ya ce, "Ba ta ciki, amma tamu ce." Aka karɓe farantin, aka sa ni horo, wata shida a bencin baya, ba jibi. Ruwan leda ma wani aka ba ya riƙa kaiwa.

A wata na huɗu sai ga Ɗan Kwatano ya kawo ziyara, tsohon ya aiko shi da gaisuwa. Magatakarda ya ce baƙi su tashi, ya tashi, mata suka rera. Amma yanzu dattijo ne na 'yar'uwar ikilisiya, dattijo kuwa ba a tambayarsa takarda, kujera ake ba shi kusa da Fasto. Don girmamawa ma, shi aka miƙa wa farantin jibi.

Ya bi layi-layi har bencin baya. Na maida hannuna aljihu, na duƙar da kai ina jira ya wuce. Sai na ga faranti daidai hancina. Daga can gaba magatakarda yana ta girgiza masa takardar sanarwa, yana nuna a'a da kai.

Na ce masa a hankali, "Kai, ina cikin horo."

Ya ce, "Yaya, ni baƙo ne. Ban san dokar garinku ba."

Na ɗauka na ci. An ƙara mini wata uku.