Katin da Baba Isuhu Ya Ajiye Mini

Ina shanya kayan aiki bayan la'asar wayata ta yi ƙara. Da na ga sunan mai kira sai da na zauna, domin Hamza ne, mutumin da na shekara tara ban amsa sallamarsa ba. Bai ja zance ba. Ya ce Baba Isuhu ya cika a ɗakinsa na unguwar Bani Malik, nan Jidda, kuma ya bar saƙon da ya ce a damƙa mini hannu da hannu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Waɗanda suka san Baba a masallaci sun san tsoho mai sanyin magana, wanda ya zo aikin Hajji da ƙuruciya bai koma ba. Ni a wurin aiki na san shi. Kafilinmu, Balaraben da muke aiki a ƙarƙashinsa, yana da istiraha a bayan Khumra, gidan hutu inda ya keɓe fili shi da abokansa suna harbin kati, takardar gwajin saiti, da ƙananan bindigogin hannu. Ni ke share wurin ina tsince kwanson harsashi. Baba ke liƙa kati, ya cire, ya faɗa wa kowa inda harbinsa ya faɗa. Ɗan maharba ne tun daga gida, amma ban taɓa ganin ya ɗana kunamar bindiga ba. In na tsokane shi cewa tsoro yake ji, sai ya ce ya gama nasa harbin tun kafin a haife ni.

Yana da ƙa'idodi da ko kafili bai iya karya su. Bindiga ko babu komai a cikinta, bakinta ƙasa yake kallo. Wani baƙo ya taɓa kawo kati masu siffar mutum, washegari Baba ya ce ɓeraye sun cinye su, alhali ni na taya shi ƙonawa. Abin da ya faɗa mini ranar shi ne, "A nan takarda ake harbi. Ranar da aka koya wa hannu neman mutum, zai same shi."

Kuma yana karanta kati yadda ba na so. Zai dubi ramuka biyar ya ce wannan bai yi barci ba, wancan sun yi faɗa da matarsa. Muna dariya, sai daga baya mu ji haka ɗin ne.

Yanzu zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. A shekarar da aka kai samame gidan da muke haya a Kurayyat, an tafi da matata Rabi da ciki wata bakwai, don ba ta da iƙama, takardar izinin zama. An mayar da ita gida, cikin bai tsaya ba. Aka ce mini maƙwabcinmu Hamza ne ya nuna gidan. Ban tambaye shi ba, na dai riƙe.

Cikin watannin da suka biyo baya wani mai koyar da harbi da ke zuwa wurinmu ya gama aikinsa zai bar ƙasar. Ya kira ni gefe ya nuna mini ƙaramar bindigarsa ta harbin kati, ya ce zai bar mini a ɓoye da arha. Harsashinta bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ba ta girgiza hannu, ƙararta kamar an karya busasshen kara. Na san irina ba shi da izinin riƙe ta. Na yi mako ina lissafa wa kaina kyanta, ina cewa wasa kawai zan riƙa yi da ita. Daga ƙarshe na kai wa Baba ita da fuskar mai neman shawara, na tambaye shi ko ta cancanci saye.

Bai taɓa ta ba. Ya liƙa sabon kati ya ce, "Yalla, harba biyar ka kawo mini."

Rana tsaka ce, ba kowa sai mu. Na harba na kawo. Ramukan biyar sun taru wuri guda har suna cin juna, amma ba a baƙin tsakiya ba, sama da shi kamar taƙi ɗaya. Na fara cewa saitin ne ya goce. Ya daɗe yana kallon katin, sannan ya ɗago.

"Lawal, mai kuskure warwatsawa yake yi. Kai ba ka yi kuskure ba. Goshin wa ne wannan?"

Zafin Jidda ake yi, amma sanyi ya ratsa ni har tafin ƙafa. Bai sake tambaya ba. Ya ce bindigar lafiyarta ƙalau, ko kafili ne zai ce masa ya saya, amma ni shi ke nan, kada in ƙara taɓa ta. Ya naɗe katin ya sa a aljihu. Da yamma na mayar wa mai ita. Na yi wata biyu ina jin haushin Baba, ina gaishe shi a daƙile, shi kuwa kullum sai ya raba mini shayinsa.

Ban san lokacin da Baba ya jawo Hamza jikinsa ba. Sai a wurin zaman makoki Hajiya Asabe, matarsa, ta gaya mini cewa shekarun nan Hamza ke kai shi asibiti, kuma shi ya rufe masa ido. Ban taɓa ambata wa Baba sunan Hamza ba, ko sau ɗaya.

Bayan mun dawo daga maƙabarta Hamza ya tare ni a bakin ƙofa ya miƙo ambulan da ba a liƙe ba. Ya ce Baba ya ce in buɗe a gabansa. Katin ne, ya yi ja don tsufa. Hamza ya karɓa yana juyawa, bai san mene ne ba. Ya ɗaga shi saitin fuskarsa yana neman rubutu, rana tana bayansa. Ta cikin ramukan na hango fatar goshinsa, da tabon sallah.

"Me wannan yake nufi, Malam Lawal?"

Na ce masa aikin da Baba ya hana ni ne. Sannan na miƙa masa hannu, ya riƙe. Har yau ban san ko shi ya nuna gidan ba, kuma na daina son in sani.

Ya Allah, bawanka Isuhu ya zo maka baƙo daga ƙasar baƙunci. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sa rai biyun da ya tsare a rana guda su zama hujja gare shi. Ka ba Hajiya Asabe da 'ya'yansa haƙuri, ka tsaya musu inda yake tsaya musu. Mu kuma da ya bari, ka kare mutane daga hannuwanmu har ranar da za mu bi shi. Amin.