Ranar da na ɗora rege a kan muryar kaka

Shekarun baya, ina aji biyu a sakandare, na tafka wani shirme da har yau idan aka tuna shi a gidanmu sai an nuna ni da baki. Na goge muryar kakata. Da hannuna, da rana tsaka, ba wanda ya aike ni. Abin da ya fi ba ni haushi, ina ta fito lokacin da nake aikin.

Bari in fara daga kaset ɗin. Kafin kaka ta rasu, kawuna, yayan mahaifiyata, wanda tsohon hedimasta ne, ya je Fadan Kagoma da 'yar ƙaramar rakodarsa. Ya zaunar da ita a gindin mangwaro ta yi masa waƙoƙi da yarenmu, na noman citta, na niƙa, na rarrashin yaro. Can ƙarshe ta daina waƙa, ta shiga kiran sunayen 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya tana sa musu albarka, wani zakara mara kunya yana ta cara a bayanta. Kaset ɗaya ne tak a duniya. Kawu ya kulle shi a akwatin ƙarfe tare da takardun fanshonsa. Sau ɗaya yake fitowa a shekara, ranar Kirsimeti bayan an taso coci, idan dangi sun taru a ƙauye. A kunna, mata su yi kuka, a kashe, a mayar akwati.

A gida ɗaya muke da kawu a nan Kafanchan, ƙofarsa na kallon tamu. Mahaifiyata ta roƙe shi ya fi sau ɗari ya bari a kwafa mata ɗaya. Kullum amsa ɗaya.

"Waƙa tana da mai ita," in ji shi. "Yau ki kwafa, gobe ki ji ta a gidan burkutu ana taka rawa da sunan uwarmu. Ko gwamnati ta yi doka a kan masu kwafar kaset. Sata ce."

"Yaya, sata a wajen wa?" in ji Mama. "Uwarmu a gona take waƙa, kowa na ji. Ba ta taɓa sa wa bakinta kwaɗo ba. Kai ne ka sa."

Daga nan kowa ya shige ɗakinsa. Bayan sati biyu su sake.

Ana cikin haka yayana da ke aiki a Sabon Tasha ya kawo mana rakoda mai baki biyu. Bakin hagu na kunnawa ne, na dama na ɗauka. Ka sa kaset mai waƙa a hagu, ka sa wanda za a cika a dama, ka danna jan maɓalli, shi ke nan. Cikin wata ɗaya na zama babban mutum a ajinmu. 'Yan aji biyar ma gaishe ni suke yi. Rege, waƙoƙin kwayar coci, wa'azi, duk abin da ka kawo sai na haifa maka ɗansa.

Satata ta farko, gardama ce ta jawo. Abokina, ɗan Manchok, ya ce ba tsohuwar da ta kai kakarsa murya. Na ce kakata idan ta ɗaga murya, tsuntsaye sauka suke yi su ɗauki darasi. Ya ce in kawo shaida. To, na san makullin akwatin yana aljihun kwat ɗin kawu na zuwa coci, na kuma san duk Laraba da yamma yana taron dattawa. Na ɗauko, na kwafa, na mayar, na kai wa abokina kwafin. Ya saurara ya ce, "To, ba laifi." Na ci gardama na manta da zancen.

Sata ta biyu kuwa da kyakkyawar niyya na yi ta, shi ya sa ta ci ni. Saura kwana goma Kirsimeti, na shigo na tarar da Mama na tsince shinkafa tana rera waƙar niƙan nan ta kaka. Ta kai tsakiya ta tsaya. Ta sake farawa, ta sake tsayawa wuri ɗaya. Baitin ya ɓace mata. Sai ta ci gaba da tsintar shinkafa. Nan na ce a raina, bana ni zan ba Mama kyautar da ba wanda ya taɓa ba ta.

Ba ni da sabon kaset, sai na ɗauko wani tsohon na rege in goge shi. Shi baƙi, na kaka ma baƙi. Na zura su, na danna jan maɓalli, na rage murya don kar Mama ta ji daga kicin, na miƙe ƙafa ina fito. Har na juya ɗaya gefen na sake dannawa. Aiki ya yi kyau, ban bar ko taku ɗaya ba.

Akwai abin da duk yaron Kafanchan ya sani. Kowane kaset yana da 'yan kunnuwa biyu a samansa, in ka karya su rakoda ba za ta yarda ta ɗauki komai a kansa ba. Kawu, da ya koya wa rabin garin nan lissafi, bai san wannan ba. Ya sa wa kaset kwaɗo, ya bar masa kunnuwa.

Na ciro na dama in gwada kyautar Mama. Sai na ga rubutun kawu a jiki, sunan kaka da jan biro. Na ce a'a, ido ne. Na kunna. Ganga ta buga, wani mai gashi kamar igiya ya fara ihu da Turanci. Na tura gaba, shi ne. Na juya baya, shi ne dai. Na kashe rakodar. Kakata da ko Kaduna sau biyu ta taɓa zuwa, na kai ta Jamaika.

Na mayar da kaset ɗin akwati, na ruga gidan su abokina ko takalmi ban sa daidai ba.

"Ina kaset ɗin kakata?"

Ya fara sosa ƙeya. "Wane?"

"Kakanni nawa na ba ka?"

Ashe tun watanni ya kai wa mai kaset na bakin tasha, ya yi musaya da na disko. Na shaƙe shi kaɗan, don ya san na ji zafi, sannan muka nufi kasuwa.

Tun kafin mu iso rumfar na ji ta. Muryar kaka ce ke fita daga wata ƙatuwar lasifika, ta danne kwandastocin da ke kiran Manchok, ta danne masu doya. Wata mata mai sayar da manja tana bin waƙar tana kaɗa kai. Ga kaset ɗin nan jere a tebur, an rubuta "Waƙoƙin Gargajiya" a jiki, ba suna, ba gari. Ban san ko in yi murna ko in yi kuka ba.

Mai kaset, wani Alhaji mai fara'a da kakanninsa ma a kasuwar nan suka yi ciniki, ya saurare ni har na gama. Na roƙi ya kunna mini ƙarshen ɗaya. Waƙa ta ƙare, sai shiru. Ba sunaye, ba albarka, ba zakara.

"Na yanke surutun," in ji shi. "Direbobi waƙa suke so. Amma uwar tana nan, wadda abokinka ya kawo. Komai na ciki."

"Alhaji, don Allah ara mini ita awa ɗaya."

"Kai da ka goge ta gida, in ba ka ta kasuwa? Yaro, uwar kaset ba ta fita rumfar nan a hannun mai gajeren wando. Je ka zo da babba."

Na yi kwana biyu ina neman babban da ba kawu ba, ba Mama ba. Har na yi tunanin ɗaukar hayar wani tsoho a tasha. A rana ta uku na samu Mama a kicin na faɗa mata komai, ina tsaye kusa da ƙofa saboda muciya na hannunta. Ba ta doke ni ba. Ta ajiye muciyar, ta zauna a turmi ta ce, "Har da inda ta kira sunana?" Na ce yana nan a kasuwa. Ta ɗaura ɗankwali ta ƙwanƙwasa ƙofar kawu.

Abin da kawu ya faɗa mini ranar ba zai rubutu ba. Da Turanci ya fara, da Hausa ya ci gaba, da yarenmu ya rufe. Sannan ya sa kwat, ya ɗauki sanda, muka tafi kasuwa da shi da Mama a jere kamar masu kai ƙara, ni a gaba kamar akuyar da za a sayar.

Da Alhaji ya hango mu sai ya miƙe tsaye ya cire hannu daga aljihu.

"Masta! Sannu da zuwa, Masta."

Kawu ya gyara tabarau ya ƙare masa kallo. "Kai ne? Aji huɗu, layin baya, kusa da taga? Kai da kwafar aikin mutane tun kana yaro, ashe ba ka daina ba."

'Yan rumfar kusa suka fashe da dariya. Alhaji ma ya yi, ya jawo benci ya aika a kawo lemo. Kawu ya ƙi zama.

"Ka san akwai doka? In na kai ka gaba, rumfar nan rufe ta za a yi."

"Na sani, Masta. Amma in tambaye ka. Da ban kwafa ba, me za ka kunna wa dangi ran Kirsimeti? Akwatinka ya riƙe ta shekara da shekaru, yaro ɗaya ya gama da ita kafin la'asar. Ni kuwa yanzu tana Manchok, tana Kagoro, tana cikin motoci. Ko gobara aka yi a rumfar nan, Allah ya kiyaye, tsohuwa ba za ta ɓace ba."

Kawu ya sunkuyar da kai. Na ce a raina, an ci Masta. Sai ya miƙa hannu ya ɗauki kaset ɗaya daga tebur, ya juya gaba, ya juya baya.

"Waƙar wa ce wannan?"

"Ta gargajiya ce, Masta."

"Gargajiya sunan mutum ne? Mace ce ta yi su, tana da suna, tana da gari, ga 'yarta nan tsaye. Ka sa ta tana maka tallan rumfa daga safe har yamma, ko sunanta ba ka tambaya ba. Ko ɗan dako ana tambayar sunansa."

Wannan karon Alhaji ne ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Wannan kam na yi kuskure."

Mama ce ta raba gardamar. Ta ce, "Alhaji, sa mini ƙarshen uwar." Ya kashe lasifika, ya sa a ƙaramar rakoda. Kaka ta fara kiran sunaye. Ta kira kawu da sunan da ba mai kiransa da shi yanzu, na yarinta. Zakara ya yi cara. Kawu ya cire tabarau yana gogewa da gefen kwat, ya daɗe yana gogewa, alhali ba abin da ya same su. Sannan ya zauna a bencin.

A nan suka shirya. Waƙoƙin su ci gaba da yawo, amma a rubuta sunan kaka da Fadan Kagoma a jikin kowane kaset, kuma Alhaji ya riƙa aika wa matan zumuntar cocinta na ƙauye wani abu daga cinikin. Albarkar kuwa ta gida ce, ba ta sayarwa ba. Alhaji ya kwafa mana cikakke guda shida, ɗaya don kowane ɗa na kaka, ya miƙa wa kawu uwar da hannu biyu. Ni aka sa na nuna wa kawu kunnuwan. Ya karya su da kansa da bakin makulli, yana hararata.

Yanzu da na kai aji shida, in aka tayar da gardamar kwafar kaset a makaranta, kowane ɓangare ni yake nema, kowanne kuma sai ya yi da-na-sani. In na tashi sai in ce kawu na da gaskiya, Alhaji ma na da gaskiya, ni kaɗai ne ba ni da ita. Abin da aka kulle wuri ɗaya, wawa ɗaya ya isa ya hallaka shi, ni shaida ne. Abin da aka saki ba suna kuma, mai shi ya ɓace ko da ana jin muryarsa kullum. Mama ta haddace baitin nan da ya ɓace mata. In na hau motar Manchok na ji direba ya sa kaka, sai in taɓa na kusa da ni in ce kakata ce, ni na fito da ita duniya. Ba na faɗa masa ta yaya.

Kirsimetin shekarar an kunna kaset a ƙauye, mata sun yi kukansu, ba wanda ya lura muryar ta ɗan dushe. An hana ni taɓa rakoda har zangon karatu ya ƙare. Kaset na asali kuma yana nan cikin akwatin kawu tare da takardun fansho, sunan kaka a jiki da jan biro, rege a ciki.